Mahaifa Biyu a Cikin Ƙanwata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Daminar bara ta wuce, an yi girbi, an zuba gero a rumbu, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da ke tsayar da ni shi ne maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai cikin ƙanwata a ciki, kuma ina tsoron in shanya sirrinta a bakin hanya. Na tambayi malamar da ke koya mana karatu ko wannan zai zama cin naman ƴar'uwa. Ta ce in ban kama suna ba, kuma ba don in ɓata kowa nake yi ba, babu laifi. Na dawo gida ina tunanin ko na yi mata tambayar daidai, ko na rage wani abu da in ta ji shi za ta canza amsa. Na sake komawa. Ta dube ni ta ce, "Ke dai rubuta ki huta, kin ishe ni." Karatuna na lakwal, wato boko, a aji shida ya tsaya, in an ga kuskure a yi mini haƙuri.

Ni tun da aka haife ni ban taɓa ganin jinin al'ada ba.

A wani ƙauye kusa da Tsarnawa na tashi, cikin babban gida mai mata da yawa: Inna, matan baffannina, ƴaƴansu mata, da mu. A gida irin wannan babu wadda za ta ɓoye watanta. In lokacin salla ya yi ana ganin wadda ba ta ɗauki buta ba. Da azumi kuwa abin ya fi fitowa fili, don in la'asar ta yi ana haɗa miya, sai Inna ta ɗaga murya daga bakin murhu, "Wa ke hwashin salla yau? Ta taho ta ɗanɗana muna gishirin miyag ga." Kullum akwai wadda za ta taso tana murmushi, ta karɓi ludayi, ta lasa, ta ce a ƙara ko ya isa. Sauran su yi mata tsiya, "Kin dai ji daɗi, lasa ɗaya anka ce, ba shanyewa ba." Sa'o'ina duk sun riƙe ludayin nan ɗaya bayan ɗaya. Ni ina zaune ina tankaɗe, bakina a bushe, azumina cikakke. Da sanyi ya shigo sai su haɗa kai su yi ramuwa tare, su tashi sahur tare, su sha ruwa tare. Ni ba ni da abin ramawa. Mutane suna cewa na more, ba ni da bashin azumi. Ina amsawa da alhamdu lillahi, kuma ina tsoron kada Allah ya ga abin da ke ƙarƙashin godiyar.

Inna ba ta zauna ba. Ta jiƙa mini saiwoyi, ta karɓo rubutu, ta dama kunu mai kanwa har harshena ya saɓule. Tsofaffin gidanmu suka ce jinina ɓuya ya yi, yana nan a kulle, aure zai buɗe shi. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Ina da dalili kuma. Jikina ya cika kamar na kowace budurwa. Duk wata ina jin ƙirjina ya yi nauyi, wani abu ya ɗan soke ni a gefen mara, yau dama, wani watan hagu. Sai in ce to, gobe ne. In kwana da tsumma a ƙarƙashin matashi. Gobe ta yi, babu komai.

Samari sun zo, maganar ta kai kunnen iyayensu, sun janye. Na daɗe a gida har aka fara kirana don in raka amaren da na girme su. Daga baya wani mutumin Malbaza da matarsa ta rasu ta bar masa ƴaƴa maza manya ya nemi aurena. Yana tuƙa kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti. An faɗa masa komai, ya ce shi mai dafa masa tuwo da yi masa sannu da zuwa yake nema. Abin da ke tsakanin miji da mata bai zo mana da sauƙi ba a farko, ya yi haƙuri, ba zan ƙara a kan haka ba. Auren bai buɗe komai ba.

Ƙanwata ita ce autar Inna. Na girme ta sosai, a bayana ta yi wayo, ni na koya mata tafiya tana riƙe da bakin zanena. Ina Malbaza wata ƴar garinmu ta zo kasuwa ta biyo ta gidana, a cikin hira ta ce, "Af, na manta, autarku ta girma." Na ce barka, na ba ta ruwa, na raka ta bakin titi. Da na dawo na tarar tuwona ya kama.

Amma watan auta bai zo mata da daɗi ba. Jinin yana zuwa, sai dai da ciwon da ban taɓa ganin irinsa ba. Tana birgima a tabarma, tana cizon zane, tana amai. Kowane wata ya fi na baya. In abin ya yi tsanani Inna ta aiko in zo, don a danginmu in ana neman mai jinya ni ake tunawa. "Ke ba ki da ƙaramin yaro," haka ake cewa, ba da mugun nufi ba. Na yi jinyar baffa, na yi jinyar masu jego, na san benci na kowane asibiti daga Malbaza zuwa Konni. Sai in zo in ɗumama dutse in naɗe shi a tsumma in ɗora mata a mara, in danna mata baya. Wata rana ta ɗago tana zufa ta ce, "Yaya, wallahi ke kin huta."

"Na huta," na ce.

Hannuna yana kan bayanta, tausayinta ya cika ni, kuma a daidai wannan lokaci ina son ciwon. Da za a ce in karɓa duka, da amai da birgimar, da na karɓa. Na sha tambayar kaina ko irin wannan sha'awa tana iya cutar da mutum kamar kambun baka. Saboda haka duk lokacin da na ji ta taso sai in tofa mata addu'a a goshi, ita kuwa tana ganin tsabar ƙauna ce.

Ta auri wani yaro mai kabu-kabu a Konni, mai yawan fara'a, wanda in ya gan ni sai ya cire hula ya durƙusa. Shekaru suka ɗan tafi babu ciki, ciwo kuma ya ƙaru, har wani ƙullutu ya fito mata a gefen mara ana taɓa shi da hannu. A matanite, asibitin haihuwa, aka yi mata eko, wato hoton ciki, mai hoton ya daɗe yana juya abin, ya kira wani, suka yi magana da Faransanci. Abin da na tsinta da ɗan karatuna shi ne ba su gane abin da suke gani ba. Suka ce a je babban asibiti. Mijinta yana da kawu a Sakkwato, sai aka yanke can za a je. Wa zai raka ta? Ni.

Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta irin tamu. Bayan gwaje-gwaje ta zaunar da mu. Ta dunƙule hannu ɗaya ta ce haka mahaifar mace take, guda, da ƙofa guda. Sai ta dunƙule ɗayan ta jera su.

"Ke taki biyu ce."

Auta ta dafe ƙirji. "Biyu kamar yaya, likita? Kamar akuya?"

Likita ta yi dariya. Ta ce tun tana cikin Inna aka halicce ta haka, ba ciwo ba ne ya kawo, ba aikin kowa ba ne. Ɗaya ƙofarta a buɗe take, daga nan jini ke fita duk wata. Ɗayar kuwa wata fata ta tare mata hanya kamar bango, ita ma tana zubar da nata jinin duk wata amma ba shi da wurin fita, shi ne ya taru shekara da shekaru ya zama ƙullutun. Ta ce masu irin wannan halitta sau da yawa ƙodarsu ɗaya ce, kuma ita ma haka ne, amma ɗayar tana aiki lafiya. Za a yanke fatar nan ta ƙasa, jinin ya fita. Za kuma a leƙa cikin da kyamara a share inda jinin ya ɓata, ba tare da an tsaga ta ba. Huda za a yi, ƙanana.

Mijinta, wanda ya biyo mu, yana ta tambayar ko za ta haihu. Ni ban ji amsar ba. Kunnena ya tsaya a wuri ɗaya: jini a kulle, bango ya tare shi, ana iya yankewa. Maganar tsofaffin gidanmu ce ta fito daga bakin likita.

Da safe aka shiga da ita. Kafin azahar an fito. Na ɗaga rigarta a hankali ina shirin ganin abin tsoro, sai na ga filasta uku, ɗaya a cibiya, biyu a ƙasa, kowacce ba ta fi ɗan yatsa ba. A ɗakin akwai matan da aka tsaga su daga cibiya zuwa mara, ba sa iya tari sai sun rungume matashi. Wata dattijuwa a gadon kusa, wadda aka cire wa ƙari, ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyata, aiki anka yi miki ko hujin kunne?" Ɗakin ya ɗauki dariya, masu ɗinki suna dariya suna wayyo. Auta ba ta kuka da ciki, kafaɗa take cewa tana mata ciwo. Na tsorata, na ce ko sun taɓa wani wuri da bai kamata ba, na bi nas har ƙofa. Ta ce iskar da aka hura a cikin ce don a ga wuri, za ta baje da kanta. Ban yarda ba sai da na tambayi wata nas ɗin daban.

Da likita ta zo zagaye ta nuna mana hoton a wayarta. Na ga cikin ƙanwata, ja, yana sheƙi. Ga su nan su biyu, kamar ƙananan mangwaro biyu sun jingina da juna. Ta ce jinin da ya fita baƙi ne mai kauri kamar maɗi. Auta ta kau da kai ta ce ita ba ta son gani. Ni na kalla har likita ta janye wayar.

Washegari na tare ta a baranda. Na yi ta shirya maganar, da na buɗe baki sai ta watse. Na ce, "Likita, ni ma nawa a kulle yake. Tun ina budurwa."

Ta tsaya. "Kin taɓa gani ko sau ɗaya?"

"Ko ɗigo."

"Kina ciwon mara irin nata?"

Na so in ce e. Na san in na ce e, maganata za ta fi kama da ta auta. Amma na ji tsoron ƙarya a kan jikin da Allah ya ba ni. Na ce a'a, sai ɗan suka a gefe, da nauyin ƙirji. Fuskarta ta ɗan sauya, na gani, amma na ce wa kaina gajiya ce. Ta ce in zo ɗakinta bayan ta sallami masu layi.

Ina jira a benci na gama tsara komai. Filasta uku. In koma Malbaza in huta. Azumi mai zuwa in je gida, Inna ta yi kiranta daga bakin murhu, in tashi a gaban kowa in karɓi ludayi. Har na fara tunanin ko shekaruna sun wuce na haihuwa, na ƙirga matan da na sani sun haihu a sa'ata, na samu da yawa.

Ta duba ni da hannu, ta shafa mini abu mai sanyi a mara ta ɗora na'urar. Ta daɗe. Ta juyo da allon wajena ta nuna mini mafitsara, ta nuna mini bayanta inda mahaifa ke zama. Ni ban ga komai ba sai toka-toka.

"Yaya," ta ce, ita ma haka ta kira ni, "babu abin da ya kulle. Mahaifar ce babu. Tun kina cikin mahaifiyarki ba ta tsiro ba."

Ta ce gidan ƙwai na nan guda biyu suna aiki, su ne suka sa jikina ya cika, su ne sukan da nake ji duk wata. Ta ce ni mace ce cikakkiya, ba ni kaɗai ba ce a duniya, akan samu irina jefi-jefi. Ta ce ƙodata biyu lafiya lau. Na ji kaina ina cewa, "To, ko a nan na fi ta." Likita ba ta san ko ta yi dariya ba.

Na ɗaura zanena. Har na kai ƙofa na juyo, don in ban tambaya ba zan mutu da tambayar. "Likita, tata biyu ce. Ba a ciro ɗaya a sa mini?"

Ba ta raina tambayar ba, Allah ya saka mata. Ta ce a wasu ƙasashe masu nisa an fara dashen mahaifa, amma aiki ne babba mai haɗari, ba a yin sa a nan. Kuma ta ce in fahimta, na ƙanwata ba biyu cikakku ba ne. Mahaifa daga ɓari biyu take farawa, su haɗe su zama ɗaya. Nata ɓarin ne ba su haɗe ba, kowanne rabi ne, in ta samu ciki ma sai an sa mata ido don wurin ƙarami ne. Na gyaɗa kai. Na gane bayanin sarai, har yau zan iya maimaita shi. Amma ni biyu na gani a wayar.

Ban faɗa wa auta ba sai a mota, mun wuce iyaka, an gama duba kaya a duwan, wurin ƴan kwastan. Tana cin rake, ta warke har tana tsokanar mijinta. Na faɗa mata a kunne. Ta daina tauna. Ta dube ni, idonta ya ciko, ta ce, "Yaya, ashe taki ce kinka manta cikin Inna, ni kuma na zo na ɗauko." Tana so ta ba ni dariya ne, sai kuka ya ƙwace mata. Ni na rarrashe ta har Konni. Abin da ba ta sani ba, tun a benci na riga ta yin wannan tunani, kuma ni ba da wasa na yi shi ba.

Da Inna ta ji, ta murza carbinta, sannan ta ce, "Shi ke nan, mun bar wahal da saiwa." Ta juya wajen auta. "In Allah ya ba ki, na fari na yayarki na. Ba shawara nike ba." Auta ta ce ko Inna ba ta faɗa ba. Mijinta ya ce shi ma haka. Maigidana da na ba shi labari ya ce, "To ai mun san da haka, yanzu dai an sa mishi suna." Ya ci tuwonsa. Na ji haushinsa, daga baya na ga shi kaɗai ne bai canza yadda yake kallona ba.

Ba a daɗe ba ta samu ciki, a mahaifar dama, in ji masu awo. Duk wata ina hawa mota in je Konni in raka ta. Ina kallon cikin yana tasowa a karkace, gefe ɗaya ya fi tudu. In ɗan ya motsa sai ta kamo hannuna ta ɗora, "Ji ɗanki, Yaya, shina gaishe ki." Ina ji. Ina kuma jin cewa ta fatar wata nake taɓa shi. In na koma gida sai in kasa cin abinci, rabi don tsoron kada cikin ya zube, rabi don abin da ba na son kiran sunansa. In na ji tsoron ya fi yawa sai hankalina ya kwanta, in ce to, ni ba muguwa ba ce.

Haihuwar ta zo kafin lokaci, ɗiyar kuma a zaune take, sai aka tsaga. Wadda aka yi wa hujin kunne ta dawo da dogon ɗinki kamar kowa. Mace aka samu, ƴar mitsitsiya, kanta bai fi lemun zaƙi ba. Ni aka fara miƙa wa ita. Ni na yi zaman jego, na dafa ruwan zafi, na dama kunun kanwa, na wanke tsummoki. Ni na san kukanta na zafi da na barci. In ta ƙoshi tana hannuna, a ƙirjina take barci, a bayana take gyatsa. Amma in ta fara juya kai tana buɗe baki, sai in ji muryar auta daga kan gado, "Yaya, kawo ta."

Kalmomin nan biyu sun fi komai yi mini nauyi. Ba da gadara take faɗa ba, wani lokaci ma idonta a rufe. Sai in miƙa. In zauna ina kallon yadda yarinyar ke kamawa, tana haɗiya, ƴar ƙafarta tana miƙewa don daɗi, tana kallon fuskar uwarta ba ta ƙiftawa. Nonon auta ya yi yawa har yana jiƙa mata riga, tana tsaki tana cewa ya dame ta. Ina wanke rigunan, ina jin ƙamshin.

Yanzu yarinyar tana rarrafe, ta fara kama bango. Inna ta ce bayan girbi mai zuwa za a kawo ta Malbaza yaye, daga nan ta zauna wurina. Kowa yana yi mini murna. Maigida ya sa an yi wa ɗakin sabon daɓe don kada ta ci ƙasa. Ni kuwa na ga yaye da yawa, wasu a hannuna aka yi. Na san yadda yaro ke kuka har muryarsa ta dishe, yana duban ƙofa, yana ture kofin kunu. Ɗiyar nan abin da za ta fara sani game da gidana shi ne nan ne aka raba ta da nono. Uwarta ta ba ta, ni na hana ta. Kuma duk abin da ke jikinta, jini da ƙashi da tsoka, babu ko ɗigo da ya fito daga nawa.

Wata Bafillatana da ke kawo mana nono ta ba ni labarin kakarta a wajen Illela, wadda ɗiyarta ta rasu ta bar jariri, tsohuwar ta sa shi a ƙirji har ruwa ya zo, ta shayar da shi ya rayu. Na ce tsohuwar ai ta taɓa haihuwa. Ta ce e, goma ma. Na je wurin ungozomar asibitinmu na tambaya, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta ce ta karanta cewa yana yiwuwa in yaro yana tsotsa a kai a kai, wani lokaci da taimakon magani, tunda ba mahaifa ce ke yin nono ba. Amma ita da idonta ba ta taɓa ganin wadda ba ta yi ciki ba ta samu. Ta ja mini kunne kada in sayi ƙwaya wurin masu yawo da magani a tire. Malamarmu kuma ta ce babu haramci, in nonon ya shiga cikin yarinya kafin a yaye ta, ta zama ɗiyata ta shayarwa. Kafin a yaye ta. Bayan nan ko ya zo bai ƙara komai ba.

Na je Konni da maganar a bakina. Na tarar da auta tana tsinke zogale a tsakar gida, yarinyar tana wasa da murfin tukunya. Na zauna na taya ta. Sai da muka kusa gamawa na faɗa, idona a kan tire.

Ta yi dariya tukuna, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskata sai ta ajiye reshen.

"Yaya, har nonon ma?"

Na ɗauki wani reshen.

"Na ba ki ita tun tana ciki. Watannin ga da sunka rage su kaɗai ne nawa."

Ban taɓa tunanin ita ma tana ƙirga watannin ba. Na ce ta yafe mini, a bar maganar. Muka ci gaba da tsinka. Can yarinyar ta rarrafo ta kama gwiwar uwarta tana jan riga. Auta ta ɗauke ta, ta riƙe ta ɗan lokaci, sai ta miƙo mini.

"Shiga ɗaki. Kar maƙwabta su gani su ce mun haukace."

Na shiga, na zauna a bakin gado, na sa yarinyar a ƙirji. Ta kama. Ta ja sau biyu ko uku da ƙarfi, na ji abin har cikin bayana. Sai ta saki, ta ɗago ta dube ni kamar na yi mata wayo, ta mari ƙirjina da ɗan hannunta, ta juya wajen ƙofa ta fashe da kuka. Auta ta shigo ta karɓe ta. Tana ba ta tana cewa, "Ni ban hana ba, Yaya. In kina so ki dawo nan ki zauna ki yi ta gwadawa. Amma in ta yi ta ja ba ta samun komi ta tsane ki hwa? Ranar da anka kai miki ita mi za ki yi?"

Na koma Malbaza. Maigida ya ce in ina so in tafi Konni in zauna har girbi, shi zai ci a tasha. Ban tafi ba, ban kuma ce na fasa ba. Gero ya fara fitar da kai.

Shi ya sa na rubuta. In akwai wadda aka haifa babu mahaifa kamar ni, ko wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, kuma ta sa yaro a ƙirji ruwa ya zo, ina roƙonta ta faɗa mini yadda ta yi, tsawon wane lokaci ya ɗauka, kuma ko yaron ya guje ta kafin ya zo. In ta gwada bai zo ba, wannan ma ina so in ji. In likita ko ungozoma ta karanta, ta gaya mini ko yarinyar da ta riga ta fara cin tuwo za ta iya jawo shi, ko na makara, kuma ko maganin da ake faɗa yana da illa ga yarinyar. A ba masu buga wannan rubutu saƙon, sun san inda za su same ni. Ba sai an faɗi suna ba, amma don Allah a yi kafin a yanke gero.